Uwa Ta Tafi Ƙwadago, Wa Ke Riƙon Yaro?

Da ɗari ya shigo, fadamun Galmi da Madawa sai su cika da masu aikin albasa. Cikinsu akwai mata da yawa. Tun da sassafe suke fita, ba su komowa gida sai la'asar. A Maraɗi da Damagaram kuma wasu na sussuka, wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na wanki da daka a gidajen ma'aikata. Duka don a samu abin sa wa baki.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1984, shekarar babban fari, an buɗe aikin raya ƙasar Kaita cikin jihar Tawa. Maza da yawa sun tafi cin rani. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu, da gina ramu, da dasa itace, ana biyansu da abinci. Gidaje da dama da wannan abinci suka rayu.

To, amma mace mai goyo in ta fita, ina labarin yaronta?

Amfanin kuɗin uwa

Kuɗin da uwa ta samu da guminta ba ya nisa da tukunya. Da shi take sayen wake, da mai, da ƙuli-ƙuli, da sabulu. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ba sai ta jira mai gida ya aiko daga Kano ko Abijan ba, sai ta biya mota ta kai shi gidan likita. Saboda haka mai cewa mata su zauna gida, ya fara faɗin abin da yara za su ci.

Inda matsalar take

Matsalar tana cikin awowin da uwa ba ta nan. Sau da yawa akan bar jinjiri hannun yarsa, ƴar shekara 7 ko 8. Akan bar masu ƙwaryar fura. In ya yi kuka, ta ɗura mashi. In ya ƙi sha, ta shanye. Furar ta wuni a buɗe, ƙuda na sauka. Kwana kaɗan sai zawo. Yaro ya rame, gashinsa ya yi ja. Ga tamowa ta shigo gida. Ita ma yarinyar ta rasa lakwal.

Ma'aikatan lafiya sun ce daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, kwana 1000 ke nan, lokacin ne jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suka fi saurin ginuwa. Abin da ya rasa a wannan lokaci, da wuya ya maido shi duka in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jinjirin da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai yake bukata. Ko ruwa ba a ba shi, ko da zafi ake, don nono na da ruwan da ya ishe shi. Yana sha dare da rana, aƙalla sau 8. Uwar da ta wuni nesa da shi, nononta na raguwa, don tsotso shi ke kawo nono.

Daga wata 6 sai a fara ba shi kunu mai kauri, sau 2 ko 3 a rana, ana ci gaba da nono. Daga wata 9, sau 3 ko 4. Cikin yaro ƙarami ne. Kunu tsararo yana cika ciki, ba ya gina jiki. A sa mashi garin ƙuli-ƙuli, ko wake, ko ƙwai, ko garin zogale.

Ba abinci kaɗai yaro ke girma da shi ba. Yana koyon magana daga mai yi mashi magana. Yana koyon tafiya in an sauke shi ƙasa, an riƙe hannunsa. Yaron da ya wuni ɗaure a baya, ko kwance shi kaɗai cikin ɗaki, ba mai kiran sunansa, bakinsa na iya jinkirin buɗewa.

Abin da doka ta ce

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14. Bayan ta koma aiki, tana da izinin shayarwa, har awa guda kowace rana. Amma wannan na masu albashi ne. Ƴar ƙwadagon fadama, ranar da ba ta fita ba, ba ta da ko dala. Ita sai dubarar gari.

Dubarar da gari ke iyawa

Mai jinjiri ƙarami ta tafi da shi wurin aiki. Mai garka ya kafa rumfa, ya bar ta ta shayar in yaro ya nema. Rumfar ta yi nisa da rijiya da wurin feshin magani.

Waɗanda suka fara cin abinci a bar su hannun babba: kaka, ko kishiya, ko maƙwabciya. Mata 5 ko 6 na iya haɗa kai. Kowace rana ɗaya ta zauna da yaran duka, sauran su tara mata kuɗin wuninta. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna mata na iya riƙon asusu da amana. Masu iya tara kuɗi kowane sati, sun iya tsara raino.

A rufe abincin yaro. Mai ba shi ta wanke hannu da sabulu. Ranar awo da ranar allura kada a fasa saboda aiki. Kuɗin wuni guda bai kai wahalar ƙyanda ba.

Maza kuma su sani yaron nasu ne. Mai gidan da ya ɗebo ruwa da amalanke, ko ya biya kuɗin niƙa, ya ba matarsa lokacin da za ta zauna da ɗanta in ta komo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin aikin albasa na bana ya kankama, mai gari da shugabar mata su tara jama'a, a ƙidaya masu goyo, a san hannun da kowane yaro zai wuni. Allah shi raya mana zuri'a, amin.