Ƙadangarun Da Babu Namiji A Cikinsu

A shekarar 1958 wani masanin dabbobi na Tarayyar Sobiyet, Iliya Darebski, ya ba da labarin wasu ƙadangaru da ya samu a duwatsun ƙasar Armeniya waɗanda dukkansu mata ne. Suna yin ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba, abin da ya fito kuma mace ne. Ba da jimawa ba aka gano irinsu a jihar Niyu Meziko ta Amurka. Tambayar da ta dami masana ita ce, daga ina suka samo asali?

Amsa ta fito daga ƙwayoyin gado. A 1966 Lowe da Wright suka duba zarurukan gado guda 46 da ke cikin ƙwayar halittar ƙadangaren Niyu Meziko, suka ga 23 sun dace da na wani jinsi, sauran 23 kuma da na wani dabam. Watau dai ruwa biyu ne, kamar yadda alfadari yake tsakanin jaki da goɗiya. A 1979 Brown da Wright suka binciki wata ƙwayar gado da ake samu ta wajen uwa kaɗai, suka tabbatar da jinsin da ya ba da uwar.

To, alfadari ba ya haihuwa, domin zarurukan jaki da na goɗiya ba sa jeruwa daidai. Ta yaya waɗannan suka tsira? A 2010 masana a Cibiyar Stowers da ke Kansas Siti suka nuna cewa ƙwan yakan fara ninka zarurukansa zuwa 92, kowane zare ya jeru da kwafinsa, sa'an nan ya rabu ya koma 46. Saboda haka 'ya takan ɗauko gadon uwarta cif, da rabon kakanni biyu.

Amma fa wannan hanya tana da haɗari. Da yake duk kusan abu ɗaya ne, cutar da ta kayar da ɗaya tana iya kayar da saura, kamar dai rogon da aka dasa daga kara ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado ya kuma nuna cewa waɗannan jinsuna ba su daɗe a duniya ba idan aka kwatanta da kakanninsu masu maza da mata.