Daga Yashi Zuwa Kwalta: Iskar Taya Da Gudun Tirela

Duk wanda ya bi hanyar Jahun zuwa Gujungu a lokacin kaka ba zai rasa cin karo da tarakta tana janye da tirela maƙare da buhunan shinkafa ko na riɗi ba, ga kuma leburori zaune a saman lodi. Wani lokaci kuma sai ka tarar da ita a gefen hanya, taya ta fashe, buhuna sun warwatse, an kwashi mutane zuwa asibiti. Yawanci akan ce tsautsayi ne, amma in an bi sawu sai a ga abu biyu ne suka haɗu: ƙarancin iska da yawan gudu.

Ƙasarmu ta jigayi ce da fadamu. Direban da zai fito da kaya daga gona yakan rage iskar tayoyinsa domin kada su nutse cikin yashi, kuma dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne ya hau kwalta bai mayar da iskar ba. Tayar da ba ta cika ba, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a duk juyi ɗaya, wannan kuwa shi ke haifar da zafi a cikinta. Da gudu ya ƙaru sai zafin ya ƙaru, har roba ta rabu da wayar da ke riƙe da ita. A watan Afrilu, da zafin rana kan wuce digiri 40 a yankin Haɗeja, ba a daɗewa kafin a ji ƙara.

Saboda haka a riƙa auna iska da sassafe, kafin mota ta motsa, kuma da geji za a auna. Shurin taya da ƙafa ko bugunta da ƙarfe ba awo ba ne. Ƙaramar mota takan sha wajen 30 zuwa 35 a gejin mai faci, babbar mota kuwa takan kai 100 ko fiye. Adadin da ya dace yana cikin littafin motar, iyakar abin da taya za ta iya ɗauka kuma an rubuta shi a jikinta. In ka auna a tsakiyar tafiya ka ga iskar ta hau, kada ka rage, zafi ne ya ɗaga ta. In ka rage, da ta huce za ka koma gidan jiya.

Sai maganar gudu. Dokokin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take aiki da su sun ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi na sauri. Motar da ke jan wata motar kuwa 45 ne ko'ina. Ita ma taya tana da nata ƙa'idar. Yawancin tayoyin kayan noma suna ɗauke da alamar A6, wato kilomita 30 a awa, ko A8, wato 40. Wanda ya ɗaura irin wannan tirela a bayan akori-kura ya take totur, ya ɗora wa tayar abin da ba a yi ta dominsa ba.

Yadda aka jera kaya ma yana da nasa tasiri. Mafi nauyi ya kamata ya zauna a gaban tayoyin tirela, wajen kashi 60 cikin ɗari. In nauyi ya rinjaya baya, tirela takan fara kaɗa gindi hagu da dama. In haka ta faru, kada direba ya danna birki da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sosai, har ta daidaita.

Masu sayen tayar Beljiyam kuma su duba shekarunta. Tun daga shekarar 2000 akan buga lambobi huɗu a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba, musamman ta tirelar da ke shan rana a ajiye daga kaka zuwa kaka.

'Yan'uwa, wannan magana ba ta direba kaɗai ba ce. Kai mai kaya, kai ne ke matsa masa lamba ya ƙara buhu biyar, ya kuma isa Gujungu kafin kasuwa ta ci. Tsaya tare da shi a wurin mai faci na bakin kwalta, ku auna kowace taya har da safeya, kada kuma ka bari 'ya'yan mutane su hau saman lodi. Kuɗin iska bai kai na mudun shinkafa ba, kuma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.