Tsami Na Cin Haƙori A Ɓoye

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi ƙashi tauri, amma tsami na narkar da shi, kuma idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Lemun kwalba, zoɓo, tsamiya da lemun tsami duk suna cinsa sannu a hankali. Haka ma aman laulayi, abin da ya kamata zumuntar mata ta lura da shi. Alamar farko ita ce haƙori ya riƙa zogi in an sha ruwan sanyi.

Likitocin haƙori suna da wani shafi mai danƙo, irin su Duraphat da aka ƙirƙiro a Jamus a shekarun 1960, mai ɗauke da sinadarin sodiyam fuloraid kashi 5 cikin 100. Ana shafa shi da ɗan buroshi cikin 'yan mintoci, babu allura, babu zafi, a maimaita bayan wata 3 zuwa 6. Yana ƙara wa ɓawon ƙarfi, sai dai ba ya mayar da wanda ya tafi, kuma shi kansa gogewa yake yi.

'Yan'uwa, in yaro ya sha abu mai tsami, ya kurkure baki da ruwa. Kada ya goge haƙori nan take, ya dakata kamar rabin awa, domin a lokacin ɓawon ya yi laushi.