Haɗin Kishiyoyi a Ingilishin Yau da Kullum

Daga cikin nau'o'in adon harshe da ɗalibin Hausa zai ci karo da su a darasin fassara, akwai wanda masana balagar Turai ke kira oksimoron. Shi ne a ɗauko kalmomi biyu masu karo da juna ta fuskar ma'ana, a jera su kafaɗa da kafaɗa cikin yankin jumla ɗaya, domin su haifar da wata ma'ana ta uku. A wannan darasi za a riƙa kiransa haɗin kishiyoyi. Sunan nasa daga Girkanci ya fito, daga "oxys" mai nufin kaifi, da "moros" mai nufin dakushewa ko wauta. Ke nan sunan kansa misali ne na abin da yake nufi, wato wauta mai kaifi. Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17.

Ya kamata a bambanta shi da tufka da warwara. Mai tufka da warwara ya faɗi magana ne sannan ya rushe ta ba da saninsa ba, mai saurare kuma ya tashi a tutar babu. Mai haɗa kishiyoyi kuwa da gangan yake yi. Haka nan ya bambanta da zance mai kama da saɓani wanda ya cika jumla guda, irin karin maganar nan da ke cewa shiru ma magana ce. Haɗin kishiyoyi ba ya wuce kalma biyu ko uku, galibi sifa da suna, ko bayanau da sifa.

Haɗin gaskiya

Mafi shahara a bakin masu jin Ingilishi shi ne "deafening silence", wato shiru mai kurmantarwa. Ƙara ce ke kurmantar da mutum, shiru kuwa rashin ƙara ne. Amma 'yan jarida kan yi amfani da shi idan ana jiran wani shugaba ya ce uffan a kan wata ɓarna, ya ƙi. Shirun ya yi nauyi har ya fi ihu shiga kunne. Ma'anar zargi ce, kuma babu ita a cikin ko ɗaya daga kalmomin biyu; haɗuwarsu ce ta haife ta. Haka "open secret" yake: abu ne da kowa ya sani amma ba mai furta shi a bainar jama'a. "Bittersweet" kuma ya haɗa ɗaci da zaƙi cikin kalma ɗaya, ana faɗarsa a kan halin da murna da baƙin ciki suka cakuɗe, kamar halin uwa ranar da za a kai 'yarta gidan miji.

A 1987 wani masani mai suna Yeshayahu Shen ya raba wannan ado gida biyu. Akwai na kai tsaye, inda kalmomin biyu kishiyoyin juna ne ƙeƙe-da-ƙeƙe, kamar "living dead", rayayyen matacce. Akwai kuma na kaikaice, inda kalma ɗaya ba ita ce kishiyar ba, ɗiyar kishiyar ce. Kishiyar shiru ita ce ƙara. Kurmantarwa kuwa wata sifa ce ta ƙara. Na kaikaicen ya fi armashi, domin sai mai saurare ya ɗan yi tafiya da hankalinsa kafin ya gano inda karon yake. Marubuta sun daɗe da sanin haka. A farkon wasan Romeo and Juliet, Shakespeare ya cika bakin Romeo da irin waɗannan haɗe-haɗe a jere, don ya nuna ruɗewar saurayin da so ya kama.

Waɗanda suka yi kama da shi

A nan ne malami zai fi buƙatar natsuwa, domin da yawa daga misalan da Turawa ke jerawa don nishaɗi ba haɗin kishiyoyi ba ne idan an bi diddigi. Ɗauki "civil war". Masu raha kan ce yaya yaƙi zai zama mai ladabi, tun da "civil" na nufin ladabi? Amma asalin kalmar daga Latin ne, daga "civis", ɗan ƙasa. Yaƙi ne tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. Shi ya sa Bahaushe ya kira wanda aka yi a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970 yaƙin basasa, bai ga wani saɓani a ciki ba.

Haka "jumbo shrimp", wanda ɗan barkwancin Amurka George Carlin ya yi wa ba'a a shekarun 1970 tare da "military intelligence". Jumbo sunan wata giwa ce da aka kama a yankin Sudan, ta zauna a gidan namun daji na Landan, aka sayar wa Barnum mai wasan nishaɗi a Amurka a 1882, daga nan sunanta ya zama sifar duk wani abu ƙato. "Shrimp" kuwa jatan lande ne, ana kuma kiran ɗan tsurut ɗin mutum da shi. Ga mai sayar da kifi babu wani karo, manyan jatan lande kawai yake nufi. Shi kuwa "military intelligence" sashen leƙen asirin soja ne. Sai wanda ya karanta kalma ta biyu da ma'anar basira, kuma ya riga ya yanke cewa soja ba shi da ita, zai ga saɓani. Wannan zambo ne aka yi wa rigar adon harshe. Abin da ya haifar da shi shi ne kalma ɗaya mai ma'ana biyu.

Akwai kuma rukunin "pretty ugly", "awfully good" da "terribly nice". A nan kalmar farko ta zubar da ma'anarta ta asali, ta zama bayanau na ƙarfafawa, daidai da "ƙwarai" ko "ainun". Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Matasa kan ce riga ta yi "mugun kyau", ko miya ta yi "masifar daɗi", ko wance "bala'in kirki" gare ta. Ba wanda ke jin mugunta ko masifa a ciki. Harsunan biyu duk sun ari kalmomin tsoro da ɓarna sun mai da su ma'aunin yawa, kuma wannan kamanci kaɗai ya isa ya sauƙaƙa wa ɗaliban sakandare fahimtar abin.

Matsalar fassara

Kuskuren da aka fi gani a takardun ɗalibai shi ne fassara kalma da kalma. Wanda ya mai da "pretty ugly" ya zama "kyakkyawa mummuna" ya ƙirƙiro saɓanin da babu shi a asali. Abin da ake nufi shi ne mummuna ƙwarai. Wanda kuma ya fassara "deafening silence" da "shiru" kawai ya yi akasin haka, ya kashe adon tare da zargin da ke cikinsa. Don haka tambayar farko ita ce: karon nan da rai yake, ko ya mutu?

Idan da rai yake, sai a duba ko Hausa na da nata. Tana da "kukan daɗi", tana da "babban yaro", tana da "murmushin takaici". Sai dai a yi hattara, domin "kukan daɗi" kan ɗauki ma'anar ƙorafin wanda ba shi da abin ƙorafi, saboda haka ba kullum zai zauna a gurbin "bittersweet" ba. Inda babu makamanci, gara a warware ma'anar cikin jumla: "open secret" ya zama sirrin da kowa ya sani, wanda ya riƙe karon kuma ya zauna daram a kunnen Bahaushe.

Idan kuwa ya mutu, ma'anar kawai za a ɗauko. Sanarwar neman aiki da ta ce a zo da "original copy" na takardar shaida tana nufin a zo da ta ainihi, ba hotonta ba. Rahoton ofis da ya ce an sami wasu kaya "found missing" ba ya nufin an same su. An duba ne aka tarar babu su.