Busassun 'Ya'yan Itatuwa da Sukarin Jini

Mutane da yawa suna tsammanin duk abin da itace ya haifa ba ya cutar da mai ciwon sukari. Wannan zato yana bukatar gyara, musamman game da busassun 'ya'yan itatuwa, irin su zabibi da dabino da magarya.

Abin da Shanya Ke Yi

Idan aka shanya ɗan itace, ruwansa ne kaɗai ke tafiya, sukarinsa kuwa yana nan daram. Giram 100 na ɗanyen inabi yana ɗauke da sukari wajen giram 16, amma giram 100 na zabibi, watau busasshen inabi, yana da kimanin giram 60. Dabino ma haka yake, kusan kashi 2 cikin 3 na nauyinsa sukari ne. Da yake busasshen abu ba ya saurin cika ciki, mutum yakan ci fiye da ƙima bai ankara ba.

Yadda Yake Shiga Jini

Bayan an ci, sukarin yakan ratsa hanji ya shiga jini. A jikin mai lafiya, wani sinadari da ake kira insulin shi ke kai sukarin cikin tsoka da sauran sassan jiki. Ga mai ciwon sukari kuwa, sinadarin ya yi kaɗan, ko kuma ba ya aiki sosai, sai sukarin ya taru a jini. In haka ta daɗe, takan lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Duk da haka, waɗannan 'ya'yan itatuwa sun fi alewa da lemon kwalba, domin suna da dusa wadda ke rage saurin shigar sukari cikin jini.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

1. A ci kaɗan: zabibi cokali 2, ko ƙananan dabino 2, sun isa a zama ɗaya, ko da wajen buɗa baki ne.
2. A haɗa da gyaɗa ko kindirmo marar sukari.
3. A duba rubutun jikin ledar waɗanda ake shigowa da su daga waje, domin akan ƙara wa wasu sukari.
4. Mai shan magani ko mai yin allurar insulin ya nemi shawarar likita, ya kuma riƙa auna jininsa.

Busassun 'ya'yan itatuwa abinci ne mai amfani, amma ba maganin ciwon sukari ba ne. Rigakafi ya fi magani.