Jami'ar Dutsin-Ma da Sha'anin Titi: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da dagatai da malamansu na ƙasar Safana da ta Batsari, don a bayyana musu yadda zirga-zirga ta sāke a kan titin Dutsin-Ma tun da aka kafa jami'a a garin, da kuma abin da ke hannunsu game da wannan al'amari. Ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya karanta ta a gaban dagatai da masu unguwanni ran da suka taru.

A cikin shekarar 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara a lokaci guda. Ɗaya daga cikinsu ta faɗo Jihar Katsina, aka ajiye ta a Dutsin-Ma, ƙasar Yandaka. Ɗalibai na farko suka shiga a 2012. Jami'ar nan kuwa mazauni biyu gare ta. Akwai wanda aka fara da shi a cikin gari, akwai kuma babban mazauni na dindindin a bayan gari, bakin titin da ya taso daga Katsina ya nufi Ƙanƙara, wajen kilomita 60 daga birnin Katsina. Ɗalibai da yawa da ma'aikata a gidajen haya na cikin gari suke kwana, saboda haka kullum da safe sai su ɗunguma su fita, da la'asar su komo. Ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wadda ta riga jami'ar zama a garin, da nata ɗaliban.

Watakila wani ya ce, ina ruwan Safana da wannan, tun da ba a ƙasar Yarima aka gina makarantar ba? To, titi bai san iyakar hakimi ba. Da yawa cikin masu fita daga Safana, ko Runka, ko Zakka, ko Tsaskiya, in za su Ƙanƙara da Funtuwa, ko za su kai marar lafiya asibiti, ko za su kai hatsi da bisashe kasuwa, ta Dutsin-Ma suke bi. Mutanen Batsari suna da tasu hanyar zuwa Katsina, amma 'ya'yansu suna karatu a jami'ar, masu rogonsu kuma suna cin kasuwar garin. Har wa yau, samarin ƙauyukanku da yawa ne suka koma can suna acaba, ko leburanci a wuraren gini, ko lodin yashi a tifa. In haɗari ya auku a bakin ƙofar jami'a, sau da yawa gidan da za a yi zaman makoki yana cikin ƙasarku ne.

YADDA TITI KE ZAMA KASUWA

Abin da ke faruwa a Dutsin-Ma ba sabon abu ba ne. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962, Samaru ƙaramin wuri ne a bayan Zariya. Titin da ya nufi Funtuwa da Sakkwato ya ratsa tsakanin jami'ar da garin, ɗalibai na hannu ɗaya, gidajen haya da kasuwa na ɗaya hannun. Yau duk wanda ya bi ta wurin ya ga yadda mutane ke ƙetarawa tsakanin manyan motoci, dare da rana. Haka aka yi a Kano, inda sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya jawo gari ya bi titin Gwarzo. Kai, ba sai an je nesa ba. Wannan titi namu na Dutsin-Ma, a bakinsa na wajen Katsina, yana ɗauke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda Gwamnatin Jiha ta kafa a 2006. Watau titi ɗaya, makarantu a kansa, makarantu a gindinsa.

Yadda abin ke somawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Da fari mai shayi ne zai kafa teburinsa daura da ƙofar makaranta. Sai mai ƙosai ta zo, sai mai faci, sai mai cajin waya. 'Yan acaba su ga akwai fasinja, su mai da gindin wata bishiya tasharsu. Direban bas ya ga haka, ya riƙa tsayawa a tsakiyar kwalta yana sauke mutane, gama gefen da zai raɓa an riga an cike shi da rumfuna. Sa'an nan dillalai su shigo, a yanka gonakin bakin titi fegi-fegi, kowa ya ja gininsa ya matso kwalta iyakar iyawarsa, don kada maƙwabci ya tare masa ciniki. Ba wanda ya yi nufin ɓarna a cikinsu, kowa abincinsa yake nema. Amma kafin a ankara, hanyar da aka yi domin mota mai tafiyar nesa ta zama tsakar kasuwa, alhali kuwa tirelar da ta taso da kaya daga kudu ba ta rage gudunta ba.

Ya kamata malaman hakimai su riƙe wannan lissafi, don su iya bayyana wa jama'a. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin direba ya ɗaga ƙafarsa ya taka birki ta wuce tsawon ɗakuna uku. In kuwa aka ninka gudun, nisan da za ta ja bayan an taka birki ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne. Shi ya sa ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta tsai da kilomita 50 a sa'a a matsayin iyakar gudun mota a cikin gari. Wahalar ita ce, wurin da jiya daji ne yau ya zama gari, direba kuwa yana tuƙi da sanin jiya.

FILIN TITI

Nan ne batun ya fi shafar sarakuna, don haka za a tsawaita a kansa.

Titi ba kwaltar kaɗai ba ce. A hanyoyin Gwamnatin Tarayya, irin wannan ta Katsina zuwa Ƙanƙara, ana ƙidaya mita 45.72, watau ƙafa 150 ko yadi 50, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, a matsayin filin titi. An bar wannan fili ne domin magudanar ruwa, da turakun lantarki, da wurin da mota za ta raɓa in ta lalace, da kuma faɗaɗa hanya in lokacinsa ya zo. Hanyoyin jiha da na ƙananan hukumomi suna da nasu awon, wanda sashen ayyuka zai nuna wa duk hakimin da ya nema. Wanda ya yi gini a cikin filin titi ba shi da tabbacin samun ko kwabo ran da aka zo rushewa, ko da kuwa yana riƙe da takardar ciniki mai ɗauke da hannun mai unguwa da dagaci.

Dalili kuwa shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Wannan doka ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a, ta kuma ba shi ikon karɓar fili in aikin jama'a ya bukata. In an karɓa, abin da ake biyan diyyarsa shi ne abin da mutum ya aza a kan ƙasar bisa ƙa'ida, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani. Takardar ciniki shaida ce cewa wane ya sayar wa wane, ba ta mai da filin titi ya zama na mai saye.

An sani sarai cewa ikon hakimi a yau ba irin na zamanin En'e ba ne. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin hanyoyi da kasuwanni da tashoshi ya bar hannun sarakuna. Amma akwai abu ɗaya da bai bar hannunsu ba har yanzu: da wuya a sayar da gona a ƙauye ba tare da mai unguwa ya shaida ba, mai saye kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga hatimin dagaci ko na hakimi. To, wannan hatimi ya fi tarar ɗan sanda ƙarfi a wannan sha'ani, domin shi yana zuwa ne tun ba a aza tubali ba. In dagaci ya ce ba zai sa hannu ba sai an auna daga tsakiyar titi an fitar da rabon hanya, magana ta ƙare ba tare da an rushe wa kowa ɗaki ba. In kuwa ya sa hannu don kunya ko don ɗan abin goro, ran da katafila ta iso, ƙofar gidansa masu kuka za su fara zuwa, kuma da gaskiyarsu.

Kada a ce ai wannan matsalar Dutsin-Ma ce kaɗai. Kuɗin fili in ya hau a gari, masu saye sukan bi titi su fita waje, kuma hanyar Safana na cikin hanyoyin da za su bi. Gonar bakin hanya da yau ake noma gero a cikinta, ita ce gobe za a nema don gidan haya ko gidan mai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ne kuma ya wajaba a tuna da burtali. Ƙasar Safana da Batsari tana jingine da dajin Rugu, shanu kuwa dole su ƙetare titi zuwa mashaya da kasuwa. Inda burtali ya gitta hanya, in aka bari aka gine shi hagu da dama, garke ba shi da zaɓi sai ya bi kan kwalta. Daga nan sai karo da mota, ko ɓarnar gona, ƙasar nan kuwa ta sha isasshiyar wahala a kan rigimar da ke farawa da haka. Kowane dagaci ya san burtalan ƙasarsa. A rubuta su da sunayensu, da wurin da kowane ya ƙetare titi, kada a sa hannu a cinikin ko taƙi ɗaya daga cikinsu.

BABURA DA TAFIYAR DARE

Yawancin ɗalibai a kan babur ko keke mai ƙafa uku suke zuwa makaranta, masu tuƙa su kuma yaranku ne. Wasunsu ba su kai shekara 18 ba, wadda ita ce mafi ƙarancin shekarun samun lasin, ba su kuma taɓa zama an koya musu ƙa'idar hanya ba. Ubansa ya sayar da ɗan maraƙi ya saya masa babur, washegari ya hau titi. Masu unguwanni su ja kunnen iyaye a kan wannan, su kuma hana goyon mutum biyu ko uku.

Za a tuna cewa a ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan wata doka saboda ta'asar 'yan bindiga, wadda ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14 har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, ta kuma hana ɗaukar mutum uku a babur. Dokar ta wancan lokaci ce, amma ta nuna yadda rufe hanya guda ke tura motoci su taru a kan wata. A Oktoba 2023 kuma aka sace ɗalibai mata 5 na jami'ar daga gidan da suke haya a Dutsin-Ma. Tsoro irin wannan yana da nasa haɗarin a kan titi, gama kowa so yake ya isa gida kafin magariba, sai gudu ya yi yawa daidai lokacin da hanya ta fi cika da ɗalibai da 'yan kasuwa da shanu masu komowa daga kiwo.

WURIN KAI KUKA

Sau da yawa takardar kuka kan ɓata domin an aika ta inda ba nan ne gidanta ba. Titin Tarayya na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, cike ramukansa kuwa aikin hukumar FERMA ne, wadda aka kafa a 2002. Na jiha yana hannun Ma'aikatar Ayyuka a Katsina, hanyoyin ƙauye kuma na ƙaramar hukuma. Kula da tuƙi aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne, wadda ke aiki tun 1988, tare da 'yan sanda da hukumar KASSAROTA ta jiha. Jama'a kada su tashi da kansu su gina tudu a gicciyen titi bayan an yi haɗari. Tudun da ba shi da fenti ba shi da allon gargaɗi yakan kayar da mai babur da dare, ya kuma tilasta wa mota tsayawa a inda tsayawa ba ta da aminci. A nemi hukuma ta yi shi bisa awo.

Abin da zai ba kukan hakimi nauyi shi ne rubutu. Kowane malamin hakimi ya keɓe littafi guda domin sha'anin hanya. Duk haɗarin da dagaci ya kawo labarinsa a shigar da shi: rana, da sa'a, da wurin, da irin abin hawan, da yawan waɗanda suka ji rauni ko suka rasu, da ko ranar kasuwa ce. Injiniya ba ya aiki da "ana yawan haɗari a wurin nan", amma in aka nuna masa cewa a kwana kaza an yi karo sau kaza cikin wata shida, mafi yawa bayan la'asar, ya san abin da zai rubuta wa na gaba da shi. A ƙarshen kowane wata uku a fitar da taƙaitaccen bayani daga littafin, hakimi ya sa hannu, a aika kwafi ɗaya ga Majalisar Sarkin Katsina, ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, a bar ɗaya a ofis. Inda hanya ta ratsa ƙasar hakimai biyu, kamar tsakanin Safana da Dutsin-Ma, ya fi kyau su haɗa takarda guda su sa hannu tare.