Amfilifayar kaske: tsada ba ita ce daɗin sauti ba

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu masu harkar kayan sauti daga Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Ƙonni da Illela, yau za mu duba wani ƙaramin akwati da ya fara shigowa cikin kayan gwanjo, wato amfilifayar abin sauraro na kunne, wanda a nan muke kira kaske, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce hedfon. Mu ma'aikatan rediyo mun saba da shi a ɗakin watsa shirye-shirye, amma a Jamus, Japan da Amurka akwai mutanen da suka mai da shi abin gasa, suna kwatanta wannan da wancan, suna buɗe cikinsa suna canje-canje.

Abin ya kai inda a shekarar 1991 kamfanin Sennheiser na Jamus ya ƙera wani kaske haɗe da amfilifayarsa mai suna Orpheus, guda 300 kacal. A 2015 ya fito da magajinsa, HE 1, wanda aka sassaƙa gidansa da dutsen marmara, aka sa masa kuɗi wajen yuro 50,000, wato sama da sefa miliyan 32. A ɗaya gefen kuma, a ƙarshen shekarun 1990 wani injiniya mai suna Chu Moy ya fitar da tsarin wata ƴar amfilifaya mai aiki da batir na bolt 9, wadda mutane ke haɗawa da hannunsu cikin gwangwanin alewa. To, tsakanin waɗannan biyu, me ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe?

Abu na farko shi ne lambar da ake rubutawa a jikin kwali da ake kira om, wato ma'aunin yadda kaske ke turje wa wutar da ke shigarsa. Ƙananan na salula yawanci om 16 ne zuwa 32, wayar kanta tana iya tuƙa su. Amma Sennheiser HD 600 om 300 ne, Beyerdynamic DT 770 kuma ana yin sa kala uku: om 32, 80 da 250. Duk wanda ya sayi mai om 250 ya soka a salula, zai ji murya can ƙasa kamar daga rijiya, gobe ya dawo rumfarka yana cewa jabu ka sayar masa, alhali kayan lafiyarsa lau, abin tuƙa shi ne babu. Irin wannan kaske shi ne ke bukatar amfilifaya.

Abu na biyu, ita ma amfilifayar tana da nata om a bakin da ake soka kaske. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce kada ya wuce kashi 1 cikin 8 na om ɗin kasken. Ke nan kaske mai om 32 yana son amfilifayar da nata bai wuce 4 ba. Shi ya sa Bottlehead Crack ta Amurka, mai aiki da ƙwai irin na tsoffin akwatunan rediyo, wadda nata ya kai wajen 120, take daɗi da kaske mai om 300, amma idan aka haɗa ta da ƙaramin kaske sai kiɗa ya yi gwaɓi, ganga ta danne murya. Kowace ƙwarya da abokin burminta.

Sai maganar canje-canje. Masu wannan sha'awa sukan cire wani ɗan guntun ƙarfe mai ƙafa 8 da ke ƙara ƙarfin sauti, su sa wani mai tsada, ko su canza ƙwai da wayoyi, kowa na rantsuwa cewa sauti ya gyaru. A 2011 wani injiniya da ya ɓoye sunansa ya fitar da tsarin amfilifaya mai araha, Objective2, tare da awon da ya yi mata da na'urori, domin ya nuna cewa tsabtar sauti ba sai da kuɗi masu yawa ba. Babban darasin da ya fito daga wannan muhawara shi ne, kunne yana da saurin ruɗuwa. Idan aka ɗan ƙara wa ɗaya murya kaɗan, mai saurare zai ce ita ta fi daɗi. Saboda haka in za a kwatanta biyu, a daidaita ƙarfinsu, a sa kiɗa ɗaya da kaske ɗaya, mai saurare kuma ya ba da baya kada ya ga wadda aka kunna. A nan dai ji ne ya kori gani.

Muna kuma jan kunnen masu gyara. Amfilifaya mai ƙwai tana ɗauke da wuta mai ƙarfin gaske a ciki, wadda kan daɗe ba ta sauka ba ko bayan an cire ta daga soket, tana iya kisa. Sannan wadda aka ƙera don Amurka wutar bolt 120 take sha, alhali tamu 220 ce. In ba a sa mata taransifoma ba, soka ta sau ɗaya ya isa jarinka ya tashi hayaƙi. A duba bayanta kafin a biya. Wadda aka riga aka buɗe aka yi wa canji kuwa, a faɗa wa mai saye gaskiya.

Daga ƙarshe, kunne ba ya da kayan gyara a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako a kan ma'aunin desibel 80. Ɗan kasuwar da ya tambayi mai saye irin kaskensa kafin ya miƙa masa amfilifaya, ya kuma tuna masa ya rage murya, shi ne za a sake nema ranar kasuwa mai zuwa. Allah ya ba da sa'a, ya kawo ciniki mai albarka.